Wanda Ya Matsar da Rafin Birchi

Ranar Litinin da ƙarfe tara da kwata na safe Malam Munzali ya shigo ofishin 'yan sanda na Kurfi, da wata tsohuwar jakar fata a hammata. Bai tsaya a kanta ba. Ya ce shi da babba zai yi magana, don haka aka wuce da shi ɗakin Sufeto Mutawakkil.

Sufeto ya san shi, kamar yadda kowa ya san shi a garin. Shi ke riƙe da makarantar Alƙur'anin da ya gada wurin mahaifinsa, kuma ba mutum ba ne mai zuwa wurin 'yan sanda.

"Allah ya gafarta Malam. Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya, Yallaɓai. Sata aka yi mani."

"Mi aka ɗauka?"

"Rafi."

Kofur Audi, wanda ke zaune a gefe da littafin ɗaukar bayani, ya ɗago kai ya dubi Sufeto. Sufeto bai dube shi ba.

Malam ya fito da takardu biyu maƙale da juna, ya yi bayani dalla-dalla. Makarantar tana da gonar waƙafi a Birchi. Iyakarta ta gabas rafi ne, kuma a bakin rafin akwai fadama, inda ake noman tumatir da albasa da rani, abin da ke riƙe da makarantar ke nan. Shekara biyu da suka wuce dagaci ya ba da shawara a rubuta iyakar. Aka zaga gonar da shaidu, aka yi rubutu, dagaci ya buga hatimi. Wannan ita ce takarda ta farko. Ta biyu kuwa zanen gonar ne, wanda wata yarinya mai suna Hadiyya ta yi da kwamfuta a wani shagon buga takardu a Dutsin-Ma.

"Bara da aka yi ambaliya," in ji Malam, "rafin ya rabu biyu, ya sa fadamar a tsakiya. Rubutun cewa ya yi iyaka rafi. Wane rafin? Sai zane zai faɗa."

Ranar Asabar Alhaji Maniru, mai gonar da ke maƙwabtaka da su, ya kawo masu haƙar rijiya cikin fadamar. Malam ya je da takardarsa ya buɗe a gaban jama'a. Sai ga rafin zanen ya lanƙwaso yamma, ya bar wa Alhaji fadamar gaba ɗaya.

"A da can gabas rafin ya yi ciki. Da idona na gani, shekara biyu. Yarinyar nan ita kaɗai ke da zanen. Jiya na je shagon na faɗa mata a gaban kowa, uwar ɗakinta ta sallame ta nan take."

Sufeto ya ɗaga takardun wajen hasken taga. A kusurwar takarda ta farko akwai huda huɗu, biyu ƙarfen da ya maƙale su yana ciki, biyu wayam. A ta biyu huda biyu ne kawai.

"An cire ta asali an maƙala wannan," ya ce. "Ina kake ajiye jakar?"

"Cikin akwatin littattafaina."

"Wa ke taɓa makullin?"

"Ni kaɗai."

Da ya faɗi haka, jakar yake kallo.

*

Bayan azahar suka hau mota zuwa Birchi. An gama yankan gero, gonaki duk kara. Suka tarar da Alhaji Maniru tsaye a bakin ramin da aka fara haƙa, babban mutum mai babbar murya.

"Yallaɓai, ni ba na cin haƙƙin makaranta. Takarda ce ta ba ni. Takardar tasu ma, ba tawa ba."

"Kai ba ka da taka?"

"Ina da ita mana."

Ya je mota ya ɗauko. Zane iri ɗaya ne da na Malam, rafin ya lanƙwaso yamma. Takardar fara tas, ko ninki ɗaya babu.

"Yaushe ka same ta?"

"Tun ranar da na sayi gonar."

"Shekara nawa ke nan?"

"Uku, da watan azumin nan."

Sufeto ya sa yatsa a ƙasan takardar inda aka buga kwanan wata da ƙananan baƙaƙe.

"Alhaji, shekara biyu ke nan da yin zanen. Ta yaya aka ba ka shi shekara guda kafin a zana?"

Kofur Audi ya ce, "Ƙila Alhaji yana da masu kawo mashi labarin gobe, Oga. In haka ne ni ma a duba mani ƙarin girma."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya gyara hula, ya ce to, ya tuna, kwanan baya ne. A cikin motarsa ya tarar da ita a ambulan, bai san wanda ya ajiye ba.

"Wurin wa ka sayi gonar?"

"Wurin magada. Dangin Malam ɗin ne ai, ka tambaye shi."

Sufeto ya karɓi takardar, ya ce a tsayar da haƙa sai an ji daga gare shi. A hanya ya kira Malam a waya.

"Yaran ƙanena ne marigayi," in ji Malam. "Babu ruwansu da wannan magana, Yallaɓai. Ka nemi yarinyar."

*

Ranar Talata da safe aka kawo Hadiyya. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, siririya, da tabarau, yatsunta sai murza bakin hijabi suke yi. Yayanta ya rako ta, yana zaune a benci a waje da takardar beli.

"Ke kika yi zanen gonar makaranta?"

"Ni na yi, Yallaɓai."

"Ina na asalin?"

"Ya ɓata. Wata huɗu da suka wuce kwamfutar shago ta kamu da ciwo, aka wanke ta. Komai ya tafi."

"Ya yi daidai da ke, ke nan."

Sufeto ya juya shafi ya ci gaba.

"Zanen ya taɓa fita daga kwamfutar nan? Kin tura wa wani?"

"A'a. Bai taɓa fita ba."

Ta amsa da sauri, da sauri ƙwarai. Sufeto ya rubuta, sannan ya tura mata takardar Malam. Ta duba gonar, ta duba hanya, ta duba alamar kukar da ke kusurwa. Da ta zo kan rafin sai ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Sauran duk nawa ne. Wannan layin ba nawa ba ne."

"Layi ai layi ne."

"A'a, Yallaɓai. Don Allah a ara mani igiyar cajar can."

Kofur Audi ya zare ta daga bango ya miƙa mata. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ce ya dafe nan da yatsa, ya dafe can, ita ma ta dafe wuri biyu.

"Haka layi yake a cikin kwamfuta. Inda yatsunmu suke, mu a wurin aiki nod muke cewa, wato ƙulli. Shi ke riƙe da layin. Kowane ƙulli yana da 'yan hannuwa biyu, in ka murɗa su layin ya lanƙwasa. In kana so rafi ya koma yamma ba sai ka sake zane ba." Ta ja yatsunta biyu, igiyar ta yi ciki zuwa ɗaya gefen. "Shi ke nan."

"Kowa zai iya?"

"Duk wanda ya iya aikin. Amma kowa da hannunsa. In aka bar ni na faɗaɗa takardar nan a kwamfuta, zan nuna maka."

"Ko ki nuna mani abin da kika ga dama."

"Kai ma za ka gani da idonka."

Bayan an ba da belinta DPO ya kira Sufeto. Ya ce magana ta makarantar Alƙur'ani ce, gari ya ɗauka, ba za a bar ta tana yawo ba. Yarinya ta amsa ita ta zana, ita ke da zanen, na asali ya ɓace a hannunta.

"Jibi Alhamis a kai ta kotu, sai fa in ka kawo mani wani."

"To, ranka ya daɗe."

*

Ranar Laraba da hantsi, bayan sun sanar da ofishin Dutsin-Ma zuwansu, suka isa shagon. Sufeto ya sa kaftani, bai sa kaki ba. Mai shagon, Hajiya Rekiya, ta tare ƙofa da ta ga Hadiyya a bayansu.

"Wannan ba za ta sake taɓa mani kwamfuta ba. Shekara tara ina buga wa mutane takardun gado da na fili, ba a taɓa nuna ni da yatsa ba."

"Ni zan taɓa, Hajiya," in ji Sufeto, "da hannunta."

Hajiya ta matsa, amma ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

Hadiyya ta ɗora takardar a na'urar ɗaukar hoto, zanen ya fito a fuskar kwamfuta. Ta kama linzamin kwamfutar. Ta faɗaɗa har rafin ya cika fuskar.

"Na farko, dubi kaurinsa. Layin hanya da na iyaka duk kauri ɗaya na ba su, rafin ma haka. Wannan kuwa siriri ne kamar gashi."

Sufeto ya gani. A takarda ma ana iya lura, in an san abin da ake nema.

"Na biyu." Ta gangara zuwa ƙasan shafin, inda rafin ya taɓa baƙin layin da ya zagaye zanen. "Ni rafina a buɗe na bar shi. Ya shigo ta sama, ya fita ta ƙasa, tunda rafi ba a gonar ya fara ba, ba a nan ya ƙare ba. Amma dubi nan."

A kusurwar, wani siririn layi ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin baƙin layin, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ta hau sama. A can ma ya leƙo.

"An haɗa ƙullin ƙarshe da na farko. In ka yi haka, kwamfuta sai ta ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, ya ratsa gonar. Da ni ce na yi kuskuren, sai in buɗe shi kawai. Shi wannan bai buɗe ba. Ya ƙara ƙulli biyu, ya tura layin ya ɓoye shi a bayan na gefe."

"Don mi zai wahalar da kansa?"

"Don bai iya barin layi a buɗe ba."

"Wa ke nan?"

Hajiya Rekiya ce ta amsa, ba tare da ta yi niyya ba. "Masu yankan sitika."

Hadiyya ta gyaɗa kai. Ta ce injin yanka sitika wuƙa gare shi, kuma siririn layi yake bi. In layin bai rufe ba, wuƙar ba za ta zagayo ba, sitikar ba za ta ɓare ba, leda ta lalace. Duk wanda ya yi shekaru a kan injin, da ya taɓa layi sai ya sirance shi ya rufe shi, ko a barci.

"Kuna da injin a nan?"

"Babu," in ji Hajiya. "Wurin Suhaib na bakin tasha muke kai wa."

"Da mi kuke kai mashi aikin?"

"A filash."

Sufeto ya juya kan Hadiyya. "Jiya kin ce zanen bai taɓa fita ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce Hajiya ta hana a zuba aikin mutane a filash, sai wanda za a yanka kaɗai. Ita kuwa saboda tsoron kwamfutar, da take yawan mutuwa, takan kwashe komai ta zuba. Filash ɗin ya sha kwana a wurin Suhaib. Daga baya shi ma ciwon ya cinye shi.

"Au! Ashe dai da laifinki!" in ji Hajiya.

"Wannan laifin naku ne ke da ita," in ji Sufeto. "Ba shi na zo nema ba."

Ya fita waje da Kofur Audi.

"Oga, masu yankan sitika sun fi goma tsakanin nan da Katsina. Duk haka hannunsu yake."

"Na sani. Ɗauki mota ka koma Kurfi ka zo mani da Malam. Kar ka gaya mashi inda za ku."

Ya koma ciki ya sa Hadiyya ta zana masa wani ɗan tambari, sunan shagon ruwan sanyi da layi guda mai lanƙwasa a ƙasansa, a buɗe. Ta zuba masa a sabon filash.

*

Shagon Suhaib kwantena ce da aka yi wa ƙofa. A gaba wasu masu Keke mai ƙafa uku su biyu suna jiran a manna musu rubutu. A ciki injin yana ta ƙara, wuƙarsa tana yawo a kan jar leda. Suhaib zai yi shekara talatin, mai fara'a, da almakashi a aljihun gaba.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Na mota ne ko na shago?"

"Ɗan gyara ne. Layin nan nake so cikinsa ya dawo hagu. A takarda zan buga, ba yankawa za a yi ba."

"Wannan ai ba aiki ba ne. Zauna."

Sufeto bai zauna ba. Ya tsaya a bayansa.

Suhaib ya buɗe zanen. Kafin ya taɓa komai sai ya kwafi layin, ya ja kwafin can gefe, waje da farin shafin, ya ajiye.

"Wancan fa na mene ne?"

"Na asalin ne. Ku kwastomomi ba a gane maku. Sai an gama mutum ya ce a mayar mashi yadda yake. Ba ya fitowa a takarda, kar ka damu."

"Kullum haka kake yi?"

"Ko sunan jariri zan gyara."

Ya danna layin, 'yan ƙananan ƙulli suka bayyana. Ya ja biyu, ya murɗa hannuwansu, cikin layin ya koma hagu sumul. Hannunsa yana da kyau, Sufeto ya lura da wannan. Daga nan, yana ba mai Keke amsa ta taga, ko fuskar kwamfutar bai kalla sosai ba, ya danna wani wuri. Layin ya sirance. Ya sake dannawa. Miƙaƙƙen layi ya fito ya haɗa bakin biyu.

"Na ce maka ba yankawa za a yi ba."

Suhaib ya yi dariya. "Hannu ne ya saba, Alhaji. Layi a buɗe ni ido yake tsone mani. Bari in tura shi gefe, ba wanda zai gani."

"Bar shi haka."

Sufeto ya fito da katinsa na ɗan sanda ya ajiye a kan tebur. Dariyar ta tsaya. Injin ya gama yankansa ya yi shiru.

"Mi ye tsakaninka da Malam Munzali na Kurfi?"

"Baffana ne. Yayan mahaifina."

"Ku kuka sayar wa Alhaji Maniru gona a Birchi?"

"Mu magada, e. Ni dai na tsaya a madadin sauran."

"Ka taɓa ganin zanen gonar makaranta?"

"Wallahi sai labari."

"To ba za ka damu ba in an duba kwamfutarka."

Ya leƙa waje ya yafito Hadiyya, wadda ke tsaye da yayanta a inuwar wani shago. Suhaib ya tashi daga kujerar a hankali. Bai dube ta ba.

Babu wani aiki mai sunan Birchi ko makaranta. Hadiyya ta zauna ta bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, tana kallon ƙananan hotunansu, kusan minti ashirin. Masu Keke suka gaji suka matso ƙofa suna kallo. A cikin tarin aikin Keke, ƙarƙashin suna "sitika ta bakwai", gonar ta fito, da kukarta da hanyarta, da rafin da ya lanƙwaso yamma.

"Wannan fa?"

Suhaib ya matso ya leƙa. "Na tuna. A filash ɗinsu ya zo, na kwafe bisa kuskure. Haka na same shi. In an taɓa shi, ita ta taɓa."

Hadiyya ta ɗago ta dube shi.

"Malama Hadiyya," in ji Sufeto, "ƙanƙanta shafin. Ina so in ga abin da ke wajensa."

Ta murza linzamin. Farin shafin ya yi ta raguwa har ya koma kamar katin waya a tsakiyar fuskar. Can hagu, shi kaɗai a fili, wani layi yana kwance. Mai kauri ne, cikinsa ya yi gabas, bakinsa biyu a buɗe.

Ta danna shi. Ƙulli huɗu suka fito.

"Nawa ne," ta ce. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

Sufeto ya nuna ɗaya aikin, tambarin ruwan sanyin da ke buɗe har yanzu, da kwafinsa a gefen hagu.

"Wuri ɗaya ka ajiye su, Suhaib."

*

La'asar ta kusa lokacin da Kofur Audi ya tsayar da mota a bakin tasha. Malam Munzali ya fito, ya ga kwantenar, ya tsaya cak. Sai da Kofur ya ce bismillah sau biyu sannan ya taka.

Sufeto ya juya masa fuskar kwamfutar. Malam ya daɗe yana kallon rafin nan biyu.

"Allah ya gafarta Malam, zan sake tambaya. Wa ke taɓa makullin akwatin?"

Malam ya nemi wuri ya zauna a kan wani kwali.

"Da watan Mauludi ya zo ya ce zai gyara mani bangon littattafan da suka yage. Na ba shi makullin, ya wuni a ɗakin." Ya shafa gemu. "Tun ranar Asabar zuciyata ta gaya mani. Na ce mata ƙarya take yi. Ɗan ƙanena ne, Yallaɓai. A hannuna ya sauke Alƙur'ani."

Suhaib ya durƙusa a ƙasa, tsakanin guntayen leda.

"Baffa, ba don in cuci makaranta na yi ba."

"Da ni za ka yi magana," in ji Sufeto. "Kofur, rubuta."

Suhaib ya faɗi duka. Lokacin da za su sayar da gonar mahaifinsu, Alhaji Maniru ya ce shi ba ya sayen gonar da ba ta da fadama. Suhaib ya ce masa ai fadamar tana ciki, Baffa aro yake yi. Da aka yi ambaliya rafin ya rabu, Alhaji ya matsa sai ya ga shaida, in ba haka ba zai je gaban Malam da dagaci ya faɗi abin da aka gaya masa. Zanen kuwa yana nan a kwamfutarsa tun wani zuwan filash. Ya buga biyu. Ɗaya ya kai wa Alhaji hannu da hannu, ɗaya ya maƙala a jakar Baffa. Ta asalin ya ƙona.

"Ƙulli biyu kawai na ja. Ko minti goma ban yi ba."

Sufeto ya ce, "Ka ji an kori yarinyar nan daga aiki?"

"Na ji."

"Ka ji gobe za a kai ta kotu?"

"Na ɗauka za a sake ta. Mace ce, na ce ba za a tsananta ba."

"Ɗazu kuma ka ce ita ta yi."

Suhaib ya kawar da kai gefe.

Kofur Audi ya cire wayoyin kwamfutar ya ɗauke ta zuwa mota, ya dawo da ankwa. Ɗaya daga masu Keke ya ce to shi sitikarsa fa? Kofur ya ce ya je ya rubuta da alli kafin nan. Sufeto ya kira DPO ya ce a cire sunan Hadiyya daga takardar kotu, ga wani yana kawowa, kuma a aika wa Alhaji Maniru ya zo ofis gobe da safe ya sake tuna inda ya sami ambulan.

Malam ya miƙe da ƙyar. Ya je inda Hadiyya take tsaye kusa da yayanta.

"Ɗiyata, na zalunce ki. Ki yafe mani."

Ta share fuska da bakin hijabi. Ta dube shi.

"Na yafe, Malam. Sai dai ba a nan aka ce mani maciyiyar amana ba. A ƙofar shago ne, layin gaba ɗaya suna ji."

Yayanta ya ce, "Ke, Hadiyya!"

"Ƙyale ta," in ji Malam. "Gaskiyarta."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba. "Za mu Kurfi, Malam. Ga wuri."

Malam ya dubi ɗan ƙanensa a kujerar baya, hannuwa a haɗe, kai a ƙasa.

"Ku tafi, Yallaɓai. Zan hau ta haya."

Kofur Audi ya tayar da mota. Da suka hau titi Sufeto ya waiga sau ɗaya. Tsohon yana gaba, yana tafiya a hankali zuwa layin masu buga takardu, Hadiyya da yayanta suna biye, mutane kuma sun fara fitowa ƙofar shagunansu.